Yadda Ake Bin Sawun Tsoffin Wasannin Barkwancin Ingila Zuwa Tushensu

Da dama daga cikin wasannin barkwancin da aka fara rubutawa da Ingilishi a ƙarni na 16 aro ne daga wasannin da suka riga su. Malaman makaranta da lauyoyi da masu hidima a fada sun ɗauko labarai daga Plautus da Terence, marubutan tsohuwar Roma, ko daga Faransa da Italiya, suka sa musu suturar Landan. Ɗaliban adabi kan haddace wannan a jimla ɗaya don jarrabawa, su ce wasa kaza daga wasa kaza aka samo shi, su wuce, alhali kuwa daga nan aikin ya fara. Abin da ya cancanci nazari shi ne abin da marubucin ya canza, domin a wuraren da ya cire ko ya ƙara ko ya sassauta ne ake ganin mutanen da ya rubuta wa da abin da za su iya jure kallo. Ga yadda nake ganin ya fi dacewa a gudanar da aikin, tare da misali daga Ralph Roister Doister na Nicholas Udall da wasu wasanni uku da ke kusa da shi.

Mataki na farko: zaɓi wasa ɗaya, ka tara matanin

Kada ka rungumi zamanin gaba ɗaya. Zaɓi wasa ɗaya wanda tushensa tabbatacce ne. Ralph Roister Doister ya ɗauko daga Miles Gloriosus na Plautus da Eunuchus na Terence. Jack Juggler ya fito daga fitowar farko ta Amphitruo na Plautus. Johan Johan, wanda ake dangantawa da John Heywood, daga wani gajeren wasan Faransa mai suna Farce du Pasté aka juyo shi. The Comedy of Errors na Shakespeare kuma ya haɗa Menaechmi da Amphitruo. Tsoffin rubuce-rubuce ne, galibinsu ana samun su kyauta a intanet, a wurare irin su Project Gutenberg da Internet Archive, wasannin Roma kuma akwai su da Latin da Ingilishi a shafin intanet na Perseus. Nemi bugun da ke da lambobin layi da bayanin tsoffin kalmomi, saboda Ingilishin shekarun 1550 yana ba mai jin Ingilishin yau wahala. In ba ka jin Latin, ka ajiye fassara biyu daban-daban a gabanka, domin tsoffin masu fassara sukan lulluɓe maganganun batsa da ke cikin Plautus, kuma in ka dogara da guda ɗaya za ka iya ba Udall ladan tsaftacewar da mai fassara ne ya yi ta.

Mataki na biyu: jera shekaru kafin ka yanke hukunci

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ke hana mutum faɗin abin da ba zai yiwu ba. Ɗauki takarda ka rubuta abu uku game da kowane wasa: lokacin da aka rubuta shi, lokacin da aka fara nuna shi, da lokacin da aka buga shi. Ba kasafai ukun suke haɗuwa ba.

Plautus ya rasu a shekara ta 184 kafin Miladiyya, Eunuchus kuma an nuna shi a shekara ta 161 kafin Miladiyya. Amma ba duk wasannin Plautus ne Turai ta riƙe a hannu ba cikin ƙarnonin da suka biyo baya. Guda 8 ne suka shahara, har sai da Nicholas na Cusa ya zo da wani tsohon kundi a 1429 mai ɗauke da wasu 12, kuma Miles Gloriosus da Menaechmi suna cikinsu. An buga Plautus a injin ɗab'i a Venis a 1472, daga nan ya shiga makarantu. Shi Udall malamin Latin ne, ya shugabanci makarantar Eton daga 1534 zuwa 1541, ya kuma tsara wa ɗalibai littafin jimlolin Terence don koyon magana da Latin. Mutum irin wannan ba ya bukatar fassara.

Dubi yadda shekaru ke aiki a wasansa. An yi rajistar buga shi wajen 1566 zuwa 1567, alhali Udall ya rasu tun 1556. Sai dai Thomas Wilson, wanda tsohon ɗalibinsa ne, ya kawo wata wasiƙa daga cikin wasan a bugu na uku na littafinsa na ilimin mandiƙi a 1553, ya kuma ambaci sunan Udall. Wannan ya tabbatar da cewa wasan yana nan kafin wannan shekara ta ƙare. Ya kuma sa dole a yi taka-tsantsan da addu'ar da aka yi wa sarauniya a ƙarshen wasan, tunda an buga shi ne a zamanin Elizabeth ta ɗaya, shekaru bayan marubucin ya bar duniya, kuma addu'a irin wannan tana da sauƙin gyarawa. Haka abin yake ga Shakespeare: an nuna The Comedy of Errors a zauren lauyoyi na Gray's Inn ranar 28 ga Disamba, 1594, fassarar Menaechmi ta William Warner kuwa sai a 1595 ta fito. Don haka ba za ka ce daga bugaggiyar fassarar ya kwafa ba. Ko dai ya karanta Latin ɗin da kansa, ko ya ga rubutun hannu.

Mataki na uku: karanta tushen shi kaɗai, ka fitar da ƙashin bayansa

Rufe wasan Ingilishin tukuna. Karanta tushen daga farko zuwa ƙarshe, ka taƙaita kowace fitowa a layi ɗaya: wa ya shigo, me yake so, wa ya yaudare shi, me ya biyo baya. A Miles Gloriosus za ka tarar da soja mai cika baki, Pyrgopolynices, wanda ya ɗauko wata budurwa ya kawo ta Afisa. Bawansa Palaestrio yana yi wa tsohon ubangidansa aiki a ɓoye, an huda bango tsakanin gidaje biyu don masoya su riƙa haɗuwa, a ƙarshe kuma aka ruɗi sojan cewa matar maƙwabcinsa tana mutuwar son sa, ya shiga gidan, aka lakaɗa masa duka har mai dafa abinci ya zaro wuƙa yana barazanar yi masa dandaƙa. Makwaɗaicin ɗan kanzagin da ke zuga sojan, Artotrogus, a fitowar farko kaɗai ya bayyana. A Eunuchus kuwa akwai wani soja, Thraso, da nasa ɗan kanzagin, Gnatho, da karuwa mai suna Thais, da kuma fitowar da Thraso ya tara barorin gidansa don ya kai wa gidan Thais hari, shi kuma ya laɓe a bayan runduna.

Ajiye wannan taƙaitawa a gefe guda na takarda, ka bar ɗaya gefen fili.

Mataki na huɗu: daidaita mutane da mutane

Yanzu buɗe wasan Udall, ka riƙa tambayar kowane mutum daga ina ya fito. Ralph shi ne sojan, sai dai ba soja ba ne a nan, wani wawan birni ne mai kuɗi da yawan son kansa, wanda ke faɗawa soyayya da kowace mace ya gani. Matthew Merrygreek ya fi wuyar sha'ani, kuma a kansa ya kamata ka daɗe. A jawabinsa na buɗe wasa yana lissafa gidajen da yake cin abinci, wato makwaɗaicin ɗan kanzagi ne kamar Artotrogus da Gnatho. Amma shi ne kuma ke ƙulla duk wata makida, aikin da a Roma bawa mai wayo ke yi. Akwai kuma jinin Ingila a jikinsa, domin tsoffin wasannin wa'azi na ƙasar suna da wani shaƙiyyi mai zuga mutane su yi ɓarna yana dariya da 'yan kallo. Mutum uku ne Udall ya narkar a jiki ɗaya, kuma wanda ya rubuta cewa Merrygreek kwafin Gnatho ne kawai bai ga rabin aikin ba.

Babban canjin yana wurin mace. Thais karuwa ce. Christian Custance kuwa bazawara ce mai mutunci da dukiya, mijinta ya rasu, an kuma yi mata baiko da wani ɗan kasuwa, Gawyn Goodluck, wanda ya yi tafiya. Da wannan canji ɗaya nauyin wasan ya koma wani wuri. A Roma abin da ake tsoro shi ne kada saurayi ya rasa budurwarsa. A Landan abin da ke cikin hatsari shi ne sunan mace: baran Goodluck, Sim Suresby, ya dawo ya ji Ralph yana kiran ta matarsa, ya tafi da zargi a zuciyarsa, kuma sai da dattijo Tristram Trusty ya tsaya mata shaida kafin al'amarin ya daidaita. A kashi na ƙarshe har addu'a take yi tana tuna Susanna da Esther na Littafi Mai Tsarki. A nawa ganin wannan ne wuri mafi kyau a wasan, domin a nan dariyar ta tsaya na ɗan lokaci, aka ga cewa wautar namiji mai kuɗi tana iya rusa rayuwar macen da ba ta yi laifin komai ba.

Sannan ka lura da waɗanda ba su da takwara ko kaɗan a tushen. A kashi na ɗaya, fitowa ta uku, barorin Custance mata suna zaune a ƙofar gida: tsohuwa Madge Mumblecrust tana kaɗi, Tibet Talkapace tana ɗinki bakinta bai huta ba, Annot Alyface tana saƙa, suna tsegumi suna waƙa, Ralph kuma ya raɓe yana sauraro. Babu irin wannan zama a Plautus. Duk inda gefen tushen ya zauna fili a takardarka, ka ja layi ƙarƙashinsa, domin a nan ne marubucin ya dubi unguwarsa.

Mataki na biyar: rarraba canje-canjen

Bayan ka cika gefe biyun, bi su fitowa bayan fitowa ka sa wa kowane bambanci alama: an cire, an ƙara, an sassauta, ko an haɗa daga tushe biyu.

Harin da aka kai gidan Custance misali ne na abin da aka faɗaɗa. A Terence rundunar Thraso ta watse ba tare da an gwabza ba. Udall ya bari aka yi faɗan a kan dandamali: Ralph ya kifa tukunyar madafa a kansa a madadin kwalkwali, barori mata suka fito da kayan aikin gida, Merrygreek kuma yana yin kamar Custance yake kai wa duka alhali kan ubangidansa yake saukewa. Ƙarshen wasan kuma misali ne na sassautawa. Ba wuƙa, ba tsiraici, ba barazanar dandaƙa. An yi sulhu, aka gayyaci Ralph cin abincin dare, wanda ya fi kusa da yadda Terence ya rufe nasa wasan.

Wasiƙar da Wilson ya kawo ƙari ce ta Udall. Ralph ya sa mai rubuta wa mutane wasiƙa ya tsara masa takardar neman aure, Merrygreek ya karanta wa Custance yana ajiye aya da waƙafi a inda ba wurinsu ba, sai ma'anar ta juye: maimakon ya ce yana son ta ba don dukiyarta ba, ta ji yana cewa ba ya son ta ko kaɗan, dukiyarta yake hange. A fitowa ta gaba marubucin wasiƙar ya sake karanta kalmomin nan dai da tsayawar da ta dace, suka zama yabo. Kwafi wasiƙar sau biyu da hannunka, ka sa alamomin da jan biro, ka karanta kowace da ƙarfi. Wannan wasan malamin aji ne, kuma yana gaya maka cewa masu kallo mutane ne da aka horar da su kan nahawu.

Yi wa sauran wasannin haka. A Amphitruo, Mercury, ɗaya daga allolin Romawa, ya ɗauki siffar bawa Sosia ya tsare ƙofa yayin da babban allansu Jupiter yake cikin gida tare da matar mai gida. Marubucin Jack Juggler ya zubar da allolin da zinar baki ɗaya, ya bar wani yaron gida, Jenkin Careaway, wanda aka aika ya tsaya caca da satar tuffa, sai Jack ya sa tufafi irin nasa ya yi ta dukansa har ya fara shakkar ko shi ne shi. Shakespeare ya ɗauki tagwayen Menaechmi ya ƙara musu barori tagwaye, ya aro fitowar hana mai gida shiga gidansa daga Amphitruo, ya mayar da labarin daga Epidamnus zuwa Afisa, ya ba matar aure suna da murya da 'yar'uwa, wato Adriana da Luciana, ya kuma zagaye barkwancin da labarin wani uba, Egeon, da za a kashe kafin faɗuwar rana in bai biya fansa ba. A Plautus miji ya saci mayafin matarsa ya kai wa karuwa. A Shakespeare sarƙar zinariya ce, kuma tun asali don matar aka yi odarta.

Johan Johan darasi ne na daban, domin shi ya bi tushensa na Faransa sau da ƙafa: miji ragon maza yana zaune bakin wuta yana murza kakin kyandir don ya liƙe hudar bokiti, matarsa Tyb da limamin cocin unguwa suna cinye abincin a gabansa. In canji ya yi kaɗan haka, kada ka ƙirƙiro shi. Rubuta cewa kaɗan ne, ka mai da hankali kan sunaye da rantsuwa da salon magana.

Mataki na shida: tambayi dalilin kowane canji

A nan ne nazari ke tashi daga lissafi ya zama fahimta, kuma a nan ne aka fi yin azarɓaɓi. Gwada dalilai masu sauƙi kafin masu zurfi. Su wa suka yi wasan? An rubuta a fuskar Jack Juggler cewa don yara ne su yi, kuma wannan kaɗai ya isa ya bayyana ɓacewar Jupiter daga ɗakin matar aure. Su wa suka kalla? Wasan da aka nuna wa lauyoyin Gray's Inn a hutun Kirsimeti ya samu mutanen da suka karanta Plautus a makaranta, waɗanda daɗinsu shi ne su ga an ninka tagwaye. Mene ne ake jayayya a kansa a ƙasar? Jawabin rufe Jack Juggler yana magana kan yadda masu ƙarfi ke tilasta wa marasa ƙarfi su musanta abin da idonsu ya gani, kuma masana da yawa suna karanta shi a matsayin hannunka-mai-sanda kan rikicin aƙida tsakanin Katolika da Furotesta. Wannan fassara ce mai ƙarfi, amma ka gabatar da ita a matsayin fassara, domin marubucin bai fito fili ya faɗa ba. Haka ma batun wanda ya rubuta wasan: wasu na danganta shi da Udall, amma babu sunan kowa a kansa.

Karanta jawaban buɗe wasa da kyau, domin a nan marubutan suke kare kansu. Na Udall ya ambaci Plautus da Terence da sunansu, ya ce raha tana ƙara lafiya da tsawon rai muddin ba batsa a ciki. Malami ne ke shaida wa iyaye da hukuma cewa dariyar da zai koya wa yara tana da amfani. Sai ka auna wannan alkawari da abin da ya faru a dandamali, musamman fitowar da Merrygreek ya yi wa Ralph jana'izar ƙarya da addu'o'in Latin na coci, ka ga ko alkawarin ya cika.

Mataki na bakwai: ɗora fitowa ɗaya a ƙafa

Barkwanci irin wannan a jiki yake, kuma akwai abin da ido ba ya kamawa a takarda. Tara abokai, ku ɗauki fitowa ɗaya daga tushen da takwararta ta Ingilishi, ku yi su a jere a fili ɗaya. Kujeru biyu sun isa su zama ƙofofin gidaje biyu, tunda wasannin Roma a kan titi suke gudana, Udall ma ya riƙe wannan tsari da na kashi 5. Ku auna tsawon kowace, ku lura da inda dariya ta zo da wanda ke magana da 'yan kallo kai tsaye. Baitukan Udall 'yan ƙwar biyu ne masu amsa-amo, layukan ba su daidaita a tsawo ba, kuma sai an furta su ake jin yadda Merrygreek ke yabon Ralph a rabin layi ya zage shi a sauran rabin.

Mataki na takwas: rubutawa

Gina rubutunka a kan canji biyu ko uku da suka fi nauyi, ka kawo kashi da fitowa da lambar layi daga ɓangarorin biyu a kowane misali. Bambanta abin da marubuci ya aro daga wasa takamaimai da abin da ya zama gadon kowa: soja mai cika baki da bawa mai wayo sun bazu a Turai ta hanyoyi da yawa, don haka kamanni kaɗai ba hujja ba ne sai an samu jerin aukuwa ko lafazi iri ɗaya. Ka kuma binciki ko akwai tsani a tsakiya. Supposes na George Gascoigne, wanda aka nuna a Gray's Inn a 1566, daga I Suppositi na Ariosto ɗan Italiya ya fito, shi kuma Ariosto daga Plautus da Terence ya ɗebo, sannan Shakespeare ya ɗauki labarin ya saka a The Taming of the Shrew. Shi kansa Plautus ya faɗa a cikin Miles Gloriosus cewa daga wani wasan Girka mai suna Alazon ya juyo shi.

In kana son ci gaba bayan ƙarni na 16, hanyar ba ta canzawa. Thomas Otway ya gajarta wasan Scapin na Molière, marubucin Faransa, a shekarun 1670, Henry Fielding kuma ya juya labarin likitan dole na Molière ya zama The Mock Doctor a 1732, dukansu gajerun wasanni da ake yi bayan babban wasan dare. A waɗannan, tambayar farko da za ka sa a gaba ita ce fitowa nawa aka yanke don wasan ya shiga ɗan lokacin da aka ware masa, da waɗanne mutane ne suka tafi tare da su.